Zinaren Birnin Gwari: tarihin da ya fara daga dutse

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ya ga duwatsu iri biyu, ko da bai kula ba. Akwai manyan duwatsu masu sulɓi da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar daji, irin Goron Dutse na cikin gandun Kamuku. Akwai kuma wani dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ake gani a gaɓar rafi. Labarin zinaren yankin, da jinin da ake zubarwa a kansa, yana cikin bambancin waɗannan biyun.

Masana sun kasa duwatsu gida uku. Na farko daskararre ne: narkakken dutse daga cikin ƙasa ya huce ya sandare, kamar giranit. Na biyu kwantacce ne: yashi da laka da ɓawon halittun ruwa su taru hawa-hawa har su ƙanƙame, kamar farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Na uku rikiɗaɗɗe ne, wato tsohon dutse da zafi da matsi suka sauya masa kama ba tare da ya narke ba. Shi ne ya fi shafarmu a nan.

Dutsen nan mai falle-falle, wanda ake kira shist, asalinsa laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo a wannan sashe na Afirka, sai lakar ta matsu, ta gasu, ta naɗe. A lokacin ne kuma narkakken giranit ya kutso daga ƙasa. Ruwa mai tsananin zafi ya riƙa bin tsagogin dutse ɗauke da ma'adinai, da ya huce sai ya bar jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara, da ƙwayoyin zinare a cikinsu. Damina bayan damina ta zaizaye su zuwa cikin rafuka, shi ya sa ake wanke zinare a yashi.

Turawan mulkin mallaka sun karanta wannan dutse da idon ɗan kasuwa. J. D. Falconer ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewa a 1911, aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya a 1919, a 1963 kuma Truswell da Cope suka fitar da nazarinsu kan duwatsun lardunan Neja da Zariya. Har yau sunan Birnin Gwari yana kan taswirar masana a matsayin ɗaya daga cikin zirin shist na ƙasar nan. Haƙar ta fi bunƙasa ne bayan Ingila ta daina jingina kuɗinta da zinare a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza zuwa dala 35 a 1934. Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da harkar, aka bar ramuka a wurare irin su Tsohon Birnin Gwari.

Abin da nake ganin ana yawan tsallakewa shi ne siffar jijiyoyin. Sirara ne, a warwatse cikin daji, ba dunƙule wuri guda kamar na Afirka ta Kudu ba. Irin wannan arziki ya fi dacewa da mai diga da shebur da injin niƙa fiye da babban kamfani. Tsarin mulkin 1999 ya ce ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, amma ramin da ke tafiyar yini daga ofishin 'yan sanda, wanda ya riƙe bindiga shi ke karɓar harajinsa.

Dutsen yana da wani haɗarin kuma. A wasu jijiyoyin zinare yana tare da dalma, kuma niƙa shi a tsakar gida yana baza ƙurarta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu.