Ƙwaron Da Ke Kwana A Gindin Gashi

A unguwannin Kaduna na ƙetaren kogi, daga Kakuri zuwa Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, gidaje da yawa ba sa rabo da kare. Duk wanda ya taɓa renon kwikwiyo a can ya san wata cuta: yana ɗan wata huɗu ko biyar sai gashi ya fara zubewa a kewayen idanu, da gefen baki, da ƙafafun gaba, fatar ta yi ja ko ta yi toka-toka. Sai maigida ya ce ƙazuwa ce, ya aiki yaro wurin makaniki ya karɓo baƙin mai a shafa masa. Baƙin man nan ƙona fata yake yi, kare kuma ya lashe ya shiga cikinsa. Abin tausayi, sau da yawa ma ba ƙazuwar ba ce.

Ƙwaron ƙazuwa rami yake haƙawa a fata, ya hana dabba barci da susa, ya tsallaka jikin na kusa. Ƙwaron da ke jawo cutar kwikwiyon kuwa, da masana ke kira Demodex, ramin da gashi ke fitowa ne gidansa. Siriri ne, mai gajerun ƙafafu takwas, ɗan'uwan kaska da gizo-gizo. Yakan kife kai a ramin yana cin maiƙon fata. Kwikwiyo yana samunsa ne daga uwarsa a kwanakin farko na shan nono, shi ya sa cutar ke farawa daga fuska da ƙafafun gaba.

Ba a jikin kare aka fara ganinsa ba, a jikin mutum ne. A 1841 Jakob Henle, masanin sassan jiki, ya ci karo da shi a Zurich. Shekara guda bayan haka Gustav Simon, likitan fata a Berlin, yana matse ƙurajen fuska yana duba abin da ya fito a madubin likita, sai ya ga wani abu yana motsi. Shi ya fara yin cikakken bayaninsa. A 1843 Richard Owen na Ingila ya raɗa masa sunan da ya bi shi har yau, daga kalmomin Girkanci biyu, kitse da tsutsar itace. Daga nan aka shiga gano danginsa: na kare ya samu suna a 1859, na shanu a 1892, na awaki a 1895. Kowace dabba da nata, kuma na kare ba ya zama a jikin mutum.

Ta ɓangaren shanu da awaki ne lamarin ya shafi aljihun mutanen Arewa. A jikinsu ƙwaron kan taru ya yi ƙulli-ƙulli a wuya da kafaɗa, cike da wani abu mai kauri kamar ruwan miki. Dabba na iya ci gaba da kiwonta lafiya, mahauci ya feɗe bai lura ba. Sai a hannun majemi asiri ke tonuwa: an cire gashi, an jeme, sai ga huji da tabo a tsakiyar ƙirgi, inda ya fi tsada. A ƙasar da fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Cututtukan fata irin wannan da kirci suna cikin abubuwan da suka daɗe suna cin lokacin likitocin dabbobi na Vom, inda aka kafa cibiyar bincike a 1924, da masana fata na Samaru a Zariya.

A jikin mutum iri biyu ne. An lura da na biyun a 1963, aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa a 1972. Babban bai kai rabin milimita ba. Yana rayuwa kamar mako biyu, ya fito da dare ya yi barbara, ya koma rami. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2014 ya samu alamarsa a fuskar duk baligin da aka gwada. Wani kuma a 2015 ya nuna mutanen da ke da asalin Afirka sun fi kowa ɗauke da zuriyoyinsa iri-iri, alamar cewa tare da shi kakannin ɗan Adam suka bar nahiyar nan. Saboda haka samunsa a fuska ba ƙazanta ba ce, kuma ba abin kunya ba ne.

Yana zama cuta ne idan ya yi yawa, kuma yakan yi yawa idan garkuwar jiki ta yi rauni: tsufa, cuta mai karya garkuwa, ko kwikwiyon da yunwa da tsutsar ciki suka gama da shi. A mutum yakan jawo ƙananan ƙuraje da ɓarɓashi a kumatu, ko ƙaiƙayin fatar ido tare da wani amosani da ke naɗe gindin gashin ido. Akwai kuma hanyar da mutane ke buɗe masa da hannunsu. Da yawa daga cikin mayukan bilicin da ake haɗawa ana sayarwa a kasuwanni suna ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda ke kashe garkuwar fata. Mace ta ga ƙuraje sun feso, ta ƙara lafta man, ƙwaron ya ƙara samun wuri.

Maganinsa ta hannun dabbobi ya biyo. Ivermectin ya shiga kasuwa a 1981 don dabbobi, a 1987 aka fara ba da shi kyauta da sunan Mectizan don makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, kuma ƙauyukan jihar Kaduna na cikin wuraren da aka gwada shi. A 2014 aka amince da man shafawarsa don fuska a Amurka, a 2023 kuma aka amince da maganin ɗigawa a ido mai suna Xdemvy, wanda sinadarinsa aka fara sarrafawa don kashe ƙuma da kaska a jikin karnuka.

Hanyar gane shi dai ba ta sauya sosai ba tun zamanin Simon. Likitan dabbobi yakan matse fatar kwikwiyo tsakanin yatsu biyu, ya kankare da reza har jini ya ɗan tsatso, ya shafa a gilashi da ɗigon mai, ya leƙa madubi yana ƙirga su.