Agostini, Gwanin Babur da Ya Juya wa Tsibirin Man Baya

A Haɗeja babur abin neman abinci ne. Shi ke ɗauko kifi da kayan lambu daga fadama, shi ke ratsa inda mota ba ta iya bi idan kogi ya cika ya tumbatsa. A Turai kuwa har tsere ake yi da shi, kuma har gobe babu wanda ya kamo Giacomo Agostini: kambin duniya 15, nasara 122 a manyan gasanni.

An haife shi a Italiya a 1942. Mahaifinsa bai so wannan sana'a ba, sai da wani aminin gidansu ya sa baki, shi ma bisa zaton tseren keke ake nufi. A 1965 kamfanin MV Agusta ya ɗauke shi. Daga 1966 zuwa 1972, shekara bakwai a jere, babu mai karɓe masa kambin manyan babura.

Amma abin da ya fi burge ni a tarihinsa ya faru ne a Tsibirin Man, kusa da Ingila. A can kan titin jama'a ake tseren, zagaye ɗaya kimanin kilomita 60, ta tsakanin gidaje da katangun dutse. Sau 10 Agostini yana cin wannan gasa. A 1972 abokinsa Gilberto Parlotti ya yi haɗari cikin ruwan sama da hazo, ya ce ga garinku nan. Agostini ya ce shi da tsere a tsibirin har abada, domin bai ga dalilin da za a tilasta wa mutum sayar da ransa don neman makin gasar duniya ba. Masoya gasar sun ji haushi, amma manyan matuƙa da dama suka bi bayansa. Bayan 1976 aka cire tsibirin daga jerin gasannin duniya.

Agostini ya koma Yamaha a 1974, ya ci kambinsa na ƙarshe a 1975, ya yi ritaya a 1977 da ƙafafunsa.

Samarinmu masu ganganci da babur ranar kai amarya, ba hular kwano, ba ruwansu da yaran da ke bakin titi, don Allah a sassauta. Wanda duniya ta sallama wa a gudu ma ya ga titin da ya ce ba zai sake bi ba.