Kofaton Doki da Idon Likita

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ranar hawan sallah, ya ga mahayi ya saki linzami, zai rantse ya san yadda doki yake sukuwa. Amma a tambaye shi yadda ƙafafun suke a daidai lokacin da kofatai huɗun suka bar ƙasa, nan zance zai tsaya. Ba laifinsa ba ne, ido ba ya riƙe abin da ya wuce cikin ƙiftawa. Masu zanen Turai sun daɗe suna zana doki mai gudu da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, kamar fatar da aka shanya. Haka Théodore Géricault ya zana dawakin tseren Epsom a 1821, domin haka kowa yake zaton yana gani.

A watan Yunin 1878, a gonar attajiri Leland Stanford da ke Kalifoniya, wani mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar tsere, ya gitta zare a gaban kowace. Wata goɗiya mai suna Sallie Gardner ta taho a guje tana bugun zaren ɗaya bayan ɗaya, kowane ta taɓa sai kyamara ta ɗauka. Da aka wanke hotunan, sai ga dabbar a sama ba ta taɓa ƙasa, amma ƙafafun ba a miƙe suke ba. A tattare suke ƙarƙashin ciki, kamar gizo-gizon da aka zungura.

Daga nan aka samu saɓanin da wannan nazari yake bi: shin gaskiyar motsi tana cikin gutsuren da aka tsayar ne, ko cikin gudanar da ido ya saba gani? Likita da mai zane da mai fim da marubuci, kowa da amsar da ya ɗauka gwargwadon buƙatarsa.

Wanda ya fi kowa zurfafa a wannan tambaya shi ne Étienne-Jules Marey, likitan Faransa kuma masanin aikin gaɓɓai. Shekara ɗaya aka haife su da Muybridge, 1830, shekara ɗaya kuma suka rasu, 1904, amma tunaninsu ya sha bamban. Tun kafin ya taɓa kyamara, Marey ya ƙera na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, bugun jijiya ya riƙa motsa ɗan tsinke yana zana layi a kan takardar da aka shafe da baƙin hayaƙi. Wato tun farko ba siffar mutum ce ta dame shi ba, sawun da motsi ya bari yake nema. A 1882 ya ƙera kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, don ya ga yadda fiffiken tsuntsu yake dukan iska. Da hotunan mutum mai tafiya suka riƙa hawa kan juna suna cakuɗewa, sai ya yi dabara. Ya sa wa mutumin baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, ya liƙa fararen layuka a dantse da cinya da ƙwauri, ya sa shi tafiya a gaban baƙin bango. Mutumin ya ɓace ɗungurungum, abin da ya rage a hoton layuka ne a jere, suna nuna inda gwiwa ta lanƙwasa da inda ta miƙe. Masu fina-finan kwamfuta na yau, da suke liƙa wa ɗan wasa ɗigo-ɗigo a jiki don su kwafi motsinsa, a kan wannan dabarar suke tafiya.

Abin lura shi ne Marey bai ga wata fa'ida ta ilimi ba a mayar wa ido abin da ya riga ya saba gani. Ashe nan kasuwar take. Ranar 28 ga Disambar 1895 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka karɓi kuɗin ƙofa a Paris suka haska hotuna masu motsi. Sun ɗinke abin da masana suka yayyanka, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. Makonni kaɗan kafin nan, a Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka, har ya ɗauki hoton ƙasusuwan hannun matarsa da zobe a yatsa.

Masu zane sun rabu biyu. Edgar Degas ya yi nazarin hotunan Muybridge ya yi amfani da su a dawakinsa. Masassaƙin nan Auguste Rodin kuwa ya ƙi. Hujjarsa ita ce lokaci ba ya tsayawa, don haka hoton da ya daskarar da mutum a tsakiyar taku shi ne mai ƙarya. A ganina Rodin ya yi gaskiya a fagensa kawai: dokin Géricault ya fi na Muybridge kama da gudu, ko da yake babu dokin da ya taɓa yin haka. Zuwa 1912 wasu sun zaɓi hanya ta uku, kamar Giacomo Balla na Italiya da ya zana ɗan kare da ƙafafu barkatai da wutsiya barkatai, duk a zane ɗaya. Adabi ma ya taɓa abin. A littafin Thomas Mann na 1924 da ke ba da labarin masu tarin fuka a wani asibitin kan dutse, tauraron ya ga ƙasusuwan hannunsa a allon haske ya tuna zai mutu, daga baya kuma ya riƙa yawo da hoton ƙirjin matar da yake so a aljihu.

Likita shi ba ruwansa da wannan gardama, gutsuren yake so. A asibitin Salpêtrière na Paris, mai ɗaukar hoto Albert Londe ya yi wa likita Jean-Martin Charcot kyamarori masu idanu da yawa don a kama matakan jijjigar majinyata. A Romaniya, daga 1898, Gheorghe Marinescu ya ɗauki fim ɗin masu shanyewar ɓarin jiki suna tafiya, yana bin hotunan ɗaya-ɗaya yana nazarin takunsu. Kafin haka likita sai ya dogara da abin da ya tuna, yanzu kuwa yana iya ajiye takun jiya kusa da na yau ya gwada.

Sai dai fim ba ya tambayar wa ke kallo. Likitan tiyata Eugène-Louis Doyen ya fara ɗaukar ayyukansa a 1898 don koyarwa da kuma ganin kurakuransa. A 1902 ya raba wasu tagwaye 'yan Indiya, Radica da Doodica, da aka haifa a manne, aka kuma ɗauki aikin. Ba a jima ba fina-finan tiyatarsa suka ɓulla a rumfunan 'yan wasa, ana biyan kuɗi ana kallon cikin mutane a buɗe. Ɗaya daga masu ɗaukar masa hoto ne ya riƙa sayar da kwafi, har sai da Doyen ya kai ƙara kotu.

Yau kyamarar da ke wayar kowa ta fi bindigar Marey nesa ba kusa ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa kan roƙi iyaye su ɗauki bidiyon yaro idan farfaɗiya ta buge shi, domin da wuya ta tashi a gaban likita. Idan an nemi haka gare ku, ku fara kwantar da yaron a gefensa, sannan wani ya ɗauka, fuska da hannuwa da ƙafafu duka su fito. Ku kai wa likita, kada ku tura shi zauren WhatsApp.