Aji Ɗaya a Ƙasar Zamfara: Yadda Aka Riƙa Auna Karatun Yaro Mako-Mako

Manyan azuzuwan firamare da zango suke lissafi, su jira jarrabawa su ga wanda ya ci da wanda ya faɗi. Mu da muke riƙe da ƙanana a makarantun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da mako muke lissafi. Yaro ɗan shekara shida da ya shigo aji ranar Litinin, ana so in Juma'a ta zo a iya nuna wani abu guda da ya iya wanda bai iya ba a farkon mako: baƙi biyu, ko ƙirga tsakuwa goma, ko rubuta harafin farko na sunansa. Tarihin aikinmu a wannan yanki tarihi ne na yadda aka riƙe wannan awo, aka sake shi, sannan aka dawo ana nemansa.

Tun kafin boko, makarantar allo ta san darajar mako. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, iyaye kuma su aiko da kuɗin Laraba. Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin koyarwa shi ne ƙa'idar wanke allo. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya abin da ke kan allonsa. Daga babbaƙu zuwa farfaru har ya kai ga haɗa su, kowane yaro da saurinsa yake tafiya, kuma malam ya san inda kowa ya tsaya ko da almajiransa sun kai hamsin. In yaro ya kai wata sura da ake yi wa sadaka, gidansu ma sai ya sani. Kunnen malami shi ne ma'auni, kuma yaro ɗaya-ɗaya ake aunawa.

Boko ta shigo Arewa da makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga baya makarantun elementare suka bazu ƙarƙashin En'e, kuma ƙasar Zamfara a lokacin tana cikin lardin Sakkwato. Da Hausa ake koyarwa a shekarun farko, da littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, kafin yaro ya kai ga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. A Maru, gaba kaɗan da Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, aka kafa makarantar horon malamai, inda Malam Aminu Kano ya yi aiki kafin ya bar koyarwa ya shiga siyasa a 1950. Tsofaffin malaman da suka rene mu a wannan aiki sun gaji tarbiyyar irin waɗannan makarantu. Su suka nuna mana littafin shirin darasi, da rajista, da dayari inda ake rubuta aikin kowane mako hedimasta ya sa hannu. Suna alfahari da cewa ɗan aji biyu a zamaninsu yana rubuta wa ubansa wasiƙa. Gaskiya ne, amma a tuna cewa yaran kaɗan ne, da yawa ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebo su, iyaye na ɓoye wasu, 'yan mata kuwa a kan yatsu ake ƙirga su. Riƙe awon mako a aji mai yara talatin ba abin wuya ba ne.

A Satumban 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. A ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba aka buɗe azuzuwa, wasu a zaure, wasu a gindin bishiya. Alheri ne babba, domin 'ya'yan talakawa da yawa da suka zama wani abu a yau ta wannan ƙofa suka shigo. Sai dai malamai ba su isa ba. Aka ɗauki waɗanda ba su gama horo ba, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don ta cike giɓin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko, amma littattafan da za a yi hakan da su ba su kai ga yawancin azuzuwa ba.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, ƙwararru suka bar aji, aka bar aji ɗaya ga wanda ya fi kowa ƙarancin horo, bisa tunanin cewa ƙanana ba sa buƙatar gwani. A nan ne karatun amshi ya kafu. Malami ya rubuta haruffan Turanci a allo, ya nuna da sanda, yara tamanin su amsa da murya ɗaya har a jiyo su daga bakin titi. Mai wucewa ya ce karatu na tafiya. Amma ka kira yaro ɗaya ka nuna masa harafi daga tsakiya, sai ya yi shiru, domin waƙar ya haddace, bai san baƙin ba. Dayari bai daina cika ba a waɗannan shekaru. Abin da ya sauya shi ne, ya koma bayanin abin da malami ya koyar, ya daina zama shaidar abin da yaro ya iya.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta kuma sanya kula da ƙananan yara kafin firamare cikin ilimin bai-ɗaya. Ta haka rabin aji ya samu gurbi a makarantun gwamnati, bayan an daɗe ana ganinsa a matsayin kayan makarantun kuɗi. Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau, wadda mata take horarwa, suka riƙa yaye masu takardar NCE. Samun malamai mata a ƙananan azuzuwa ya sa iyaye da yawa suka saki jiki suka kawo 'ya'yansu mata. Gine-gine sun ƙaru, rajista ta ƙaru, amma yaron aji uku da ba ya iya karanta kalma guda da Hausa bai daina zama abin gani kullum ba.

Sauyi na gaske a cikin aji ya zo wa wasunmu ne daga 2015, lokacin da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa ya fara a Katsina da Zamfara, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya. A Sakkwato da Bauchi kuma aka yi makamancinsa mai suna Mu Karanta. Abin da waɗannan shirye-shirye suka kawo ba baƙo ba ne ga wanda ya yi allo. Ana ɗaukar sauti kaɗan a mako, a ji shi a kunne, a gan shi a allo, a zana shi a iska da kan ƙasa kafin a rubuta a littafi. Sai a haɗa baƙi da wasali ya ba da gaɓa, gaɓa biyu su ba da kalma, kamar kaka ko nama. Malami ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Ana karanta musu gajeren labari a tambaye su abin da suka ji, ana ƙirga da marafan kwalba da karan dawa. Ranar ƙarshe ta mako ta bita ce, kuma a nan ake zagayawa layi-layi a saurari yara ɗaya-ɗaya. Aikin kamar ginin ƙasa ne: sai sahu ya sha iska ake aza wani a kansa.

Akwai kuma abin da malamin Zamfara ke fama da shi wanda littafi ba ya faɗa. Yaronmu da Zamfarci ya tashi, yana cewa hwari da kassuwa, littafi kuma ya rubuta fari da kasuwa. Malami mai basira ba ya kunyata yaro a kan harshen uwarsa. Yana nuna masa cewa haka muke faɗa a gida, haka kuma ake rubutawa, sai yaro ya riƙe duka biyun. Haka ma baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ: wanda ya bambanta su tun a aji ɗaya ba ya sake rikita su.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada mu. An rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, a Satumban shekarar kuma, bayan wani hari da aka kai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Iyalai da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu sun koma cikin gari, azuzuwan Gusau suka cika maƙil da yaran da suka yi watanni ba su ga allo ba. Babba da ya yi hutun dole yakan tuna karatunsa. Ɗan aji ɗaya kuwa daga farko ake sake farawa da shi. Da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, mun yi maraba, domin rufin kwano da benci abin buƙata ne. A Nuwamban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, ta ce a koma Turanci. Amma abin da muka gani da idonmu shi ne, yaron da ya fara gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa a harshen da yake mafarki da shi, shi ne yake saurin kama Turanci daga baya.

Roƙona ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi abu uku ne. A ba aji ɗaya malami mafi ƙwarewa a makaranta, a raba ajin da ya haura ƙima ko da zuwa safe da yamma ne, a kuma sa wa kowane yaro littafin karatun Hausa a hannunsa wanda zai tafi da shi gida. Jami'in da ya zo duba makaranta ya ajiye dayari tukuna, ya kira yara biyar daga layin baya ya saurare su. Iyaye kuma, ko da ba ku yi boko ba, in yaro ya dawo ranar Juma'a ku ce ya nuna muku abin da ya koya a makon, yadda iyayenmu ke sa mu biya allo a gabansu. Yaron da ya san za a saurare shi, a aji da a gida, yana mai da hankali ya koya.