Kicin ɗin Frankfurt da abin da ake tambayar mai haɗa kicin

Kicin mai kabad manne da bango, wanda kamfanoni ke tallatawa yau da hotuna masu sheƙi, ƙarancin muhalli ne ya haife shi. A 1926 birnin Frankfurt na Jamus yana gina wa ma'aikata gidaje masu rahusa a ƙarƙashin Ernst May, aka ɗora wa Margarete Schütte-Lihotzky, mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, tsara ɗakin girki. Ta kwaikwayi kicin ɗin taragon jirgin ƙasa, ta ƙirga takun mai girki, ta fitar da ɗaki mai faɗin mita 1.9, tsawo 3.4. An yi kusan guda 10,000.

Katakon ya fi jan hankalina. Ma'ajiyar gari ta itacen da tsutsa ba ta so ce, teburin yanka kuma na katako mai jure wuƙa. Kamfanin da ya kasa faɗa maka wane katako zai sa, da dalilinsa, launi kawai yake sayar maka.

Ita ma awonta bai gamsar da kowa ba. Matan gidajen sun koka cewa ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma hannun yara yana kai wa ƙananan ma'ajiyoyin.