Kaduna Garin Gwamna: Ina Maƙwabtanmu Na Da?

Da yawanmu muna da dangi a Kaduna, wata can aka kai ta aure, wata can aka haife ta. Amma in kika tambayi mace yadda unguwarsu ta samo asali sai ki ga ta yi shiru. To ki gyara zama, don kuwa wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san inda za a.

Kaduna dai ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Zariya masu ganuwa da ƙofofi. Kafin zuwan Turawa ƙauyukan Gbagyi ne a warwatse a bakin kogi, su ne 'yan ƙasa na asali. Mafi yawan mutane sun tafi a kan cewa sunan ya fito ne daga kadduna, wato jam'in kada, saboda yawansu a kogin. Gwamna Lugga ne ya ga wurin ya yi masa: ga ruwa, ga hanyar jirgin ƙasa, ga fili fetal, kuma babu wani babban sarki a kusa. A 1917 aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. Kin ji dalilin kirarin Garin Gwamna.

Bature ya tsara garin ne yadda zai ji daɗi. Ya ware wa kansa unguwa mai itatuwa da manyan filaye, ya yi wa soja bariki, akawuna da 'yan kasuwa suka zauna a tsakiyar gari, leburori kuwa suka tare a Tudun Wada da makamantanta. Kowa baƙo ne. Ki dubi sunayen titunan cikin gari ki sha mamaki: titin Kano, titin Katsina, titin Legas, titin Ibadan, titin Jos. Ga kuma Tudun Nufawa, sunanta kaɗai ya gaya miki su wa suka fara zama.

Abin da ya cika garin da jama'a shi ne masaƙu. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, a zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya. Samari suka yi ta kwararowa daga ko'ina neman aiki, suka yi aure, suka kama haya. Kakuri da Makera suka cika maƙil. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. A lokacin, atamfar da ake zuba wa amarya a lefe sau da yawa saƙar Kaduna ce. In aka tashi daga aiki, mai tuwo da mai ƙosai da mai koko kowa ta samu ciniki. Gida ɗaya za ki tarar da Bahaushiya da Bayarabiya da 'yar Kudancin Kaduna suna girki a tsakar gida ɗaya, wannan ta ara wa wannan turmi, waccan ta riƙe wa waccan yaro.

Wuraren tarihi kuwa ba a magana. Akwai Zauren Lugga mai ƙubba, inda majalisar Arewa ta zauna, yau kuma majalisar jiha. Akwai Gidan Arewa, gidan da Sardauna ya zauna, inda sojoji suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu ranar 15 ga Janairu 1966. Tun 1970 ya zama wurin adana tarihi. A lambun Gamji da ke bakin kogi akwai 'yar gadar ƙarfe da aka ƙera a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo. Garin nan ne ya ga hawan daba na Sarauniyar Ingila a 1956, da na bikin FESTAC a 1977. Ki kai yara su gani, ya fi musu zaman gaban talabijin.

Amma fa 'yar'uwa, duniya rawar 'yanmata ce. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 sun ci rayuka masu yawa, sun kuma raba garin gida biyu. Musulmi da dama suka tattara suka koma arewacin kogi, irin su Rigasa, Kawo da Tudun Wada. Kiristoci da dama suka tsallaka kudu, irin su Sabon Tasha, Narayi da Television. Ana cikin haka masaƙar farko ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Magidanta dubbai suka rasa aiki, nauyin gida ya dawo kan mata.

Duk da haka garin bai daina girma ba. Ya bazu cikin ƙananan hukumomi 4: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Rigasa da ake gani bayan gari, a 2016 jirgin Abuja ya fara tashi daga tasharta. Gonakin jiya sun zama gidaje.

To ga abin da ke damuna. Yaron da aka haifa bayan rabuwar nan yana iya girma har ya yi gemu bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da tsallaken kogi, a bakinki ya ji shi. In tsoro da ƙiyayya kika shayar da shi, da su zai tashi. In kuwa kika ba shi labarin maƙwabciyar da ta zauna da ke ranar haihuwarsa, shi ma zai riƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka in kina da tsohuwar maƙwabciya a tsallake, ki neme ta. Ki je barka, ki je gaisuwar rasuwa, ki tafi da yaranki. Zumunci a ƙafa yake, gada kuwa don a tsallaka aka gina ta. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, amin.