ZXing

ZXing tarin umarnin kwamfuta ne da aka rubuta da yaren Java, wanda masu haɗa manhaja ke sakawa cikin aikinsu domin ƙirƙira da karanta lambobin zane, wato layukan baƙi da fari da ake bugawa a jikin kaya, da kuma lambar QR wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994. Ana rarraba shi kyauta ƙarƙashin lasisin Apache 2.0 ta rumbun Maven Central, inda ƙunshinsa mai suna core ke mayar da rubutu jadawalin ɗigo, shi kuwa ƙunshin javase ya fitar da jadawalin a matsayin hoto, rabon aikin da ke sauƙaƙa amfani da core shi kaɗai a wayoyin Android. A yanzu galibi gyaran kurakurai ake yi masa.